Tuffar Bayan Waya

Kefar Ezov, 9 ga Yuni

Kawu Sason,

Ka taɓa tsayawa kana kallon abinka yana mutuwa da ƙishirwa, taku arba'in ne tsakaninku, ga sifana a aljihunka, amma an ce ba ka da izinin ƙarasawa? In ba ka taɓa ba, karanta takardar nan har ƙarshe, kada ka ɗora mata kofin shayi.

Inna tana tsaye a kaina, ta ce ɗan mutunci da gaisuwa yake farawa. To ina gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, kai da Gwaggo Odet. Ni ne Eliran, ɗan Zilfa 'yar baffanka. Sau ɗaya ka gan ni, ina ɗan shekara tara, ka ba ni ƙamus. Makaranta ta kore ni a aji na goma, ƙamus ɗin bai kore ni ba. Inna ƙafafunta sun kumbura, zuciyar ce. Likita ya hana ta gishiri, ta ce masa kube, miyar nan tamu mai curin nama, in ba gishiri sai dai a kai wa maƙiyi.

Ga maganar. Shekara huɗu da suka wuce Baba ya dasa tuffa ɗari da ashirin a gonarmu ta gangare. Lokacin da ka bar ƙasar nan babu wayar shinge a wurin. Yanzu akwai. Soja sun ja ta inda mota za ta ji daɗin bi, ba inda iyaka take ba, sai gonar ta faɗa tsakani. A taswira tamu ce, a ƙafa tana bayan waya. In za mu shiga, mu faɗa wa Laftanar mai kula da ƙofa, ita ta faɗa wa masu sa ido na ƙasashen waje, su kuma su faɗa wa mutanen can ƙetare don kada wani ya ga manomi ya ɗauka mahari ne. Farar motarsu ta tsaya kan tudu, a buɗe ƙofa. Haka muke yi duk Talata da Alhamis.

Watan jiya masu sa ido suka fitar da rahoto, Urushalima ta ce rahoton ƙarya ne da son kai, aka hana kowane hafsa namu yi musu magana. Na karanta rahoton, shafi sittin. Wani wurin na ji kamar in yaga shi, wani wurin na yi shiru. Amma ba shi ne damuwata ba. Masu sa ido sun ce ba sanarwa ba mota. Soja sun ce ba mota ba ƙofa. Ranar biyu ga wata kuma matacin ruwan gonar ya toshe. Aikin minti goma ne, Kawu. A kwance, a wanke, a mayar.

Na je wajen Laftanar. Ta ce, "Eliran, kai ne kuma?"

Na ce, "Gonar ba ta tashi ba, ni ma ban tashi ba."

"An hana ni magana da su."

"To ɗaga musu hannu mana. Ga su can kan tudu suna cin kifin gwangwani."

Ta ce, "Ɗaga hannu ma magana ce." Ba dariya take yi ba.

Ka san dokar addininmu, ko da zaman Janiba ya sa ka manta da wasu. Shekara uku ba a cin 'ya'yan sabon itace. Shekara uku ina tsinke su da hannuna ina binnewa. Baba ya rasu a ta biyu, bai ɗanɗana ko ɗaya ba. Bana ce ta huɗu. Inna ta rantse ba za ta tsoma tuffar kowa a zuma ranar sabuwar shekararmu ta Yahudawa ba, wadda ke zuwa a Satumba, sai ta mijinta. Tun hunturu take ƙirga watanni.

An ce kai tafinta ne a ɗaya daga cikin manyan gidajen nan da ƙasashe ke taruwa su zage mu. Ban damu da abin da ake cewa ba. Ofishin da masu sa ido ke kai wa rahoto yana ginin ku. Ga takarda na haɗo da taswira. Ka miƙa wa mai kunne.

Ɗanka,
Eliran Barashi

Janiba, 19 ga Yuni

Ɗana Eliran,

Na samu takardarka, kuma ban ɗora mata kofi ba. Muna lafiya, sai gwiwar Odet da ke damunta in an yi ruwa. Ka gaishe mini da Zilfa, ka ce mata na ce ta bi maganar likita, ko da yake na san tun muna yara ba ta bin maganar kowa. Rasuwar mahaifinka Rahamim ta same ni a makare, ban rubuto ba, na ji kunya har na ƙara makara. Allah ya ji ƙansa.

Bakinka na kakanka ne. Amma bari in rage maka tsawon da ka ba ni. Ni ba na zama a zauren da ake jawabi. Ɗakina yana hawa na biyar, ba taga, takardu ake kawo mini in juya su daga harshe zuwa harshe. Shekara ashirin da shida ke nan. In na shiga ɗakin shan shayi ana maganar ƙasarmu, sai a koma maganar dusar ƙanƙara. In na je ofishin jakadancinmu sabunta fasfo, yaron da ke kan tebur ya ga inda nake aiki, sai ya ce, "Af, kai na can ne." Nan ni na Isra'ila ne, can ni na nan ne. Na saba.

Duk da haka na ɗauki taswirarka na sauka hawa na uku. Akwai wata mata da ke shirya takardun zaman da za a yi tsakanin shugaban masu sa ido da wakilanmu, zama na farko tun da aka ɓata. Na yi mata bayani. Ta daɗe tana kallon layukan itatuwan da ka zana, ta ce mahaifinta ma manomi ne. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce batun zai shiga ajandar ranar uku ga Yuli.

Ka yi haƙuri zuwa lokacin. Kuma don Allah kada ka yi wani abu da hannunka a bakin wayar nan.

Kawunka,
Sason

Kefar Ezov, 28 ga Yuni

Kawu,

Gaisuwa mai yawa, wannan karon ba sai an tsaya a kaina ba. Inna ta ce a gaida Gwaggo Odet, ta ce ta riƙa shafa man zaitun mai ɗumi a gwiwar. Ita kanta ta ji sauƙi. Ranar da takardarka ta zo ta sa na karanta mata wurin uku ga Yuli sau uku, sannan ta tashi ta ɗora tukunya. Kube ta yi, da gishirinsa, ta aika gida biyar.

Ranar Asabar bayan addu'a na faɗa wa mutane a ƙofar majami'a cewa ranar uku za a buɗe. Ezra maƙwabcinmu, wanda ke da inabi a bayan wayar shi ma, ya ce, "Wa ya ce? Sason ɗan Majalisar ƙasashe? Wanda yake fassara musu zagin da suke mana don kada ko ɗaya ya ɓata a hanya?"

Na ce, "Baba Ezra, kai shekara talatin kana zaginsu a kan benci, ko ƙofar bayan gida ba ta buɗe maka ba. Shi ya sauka bene biyu kawai."

Aka yi dariya, ya ce bakina zai kai ni kurkuku. Na ce in akwai littattafai a can ba laifi.

Itatuwan suna riƙe. Ganyen layin sama ya fara naɗewa da rana, amma da safe yana miƙewa. 'Ya'yan sun kai ƙwan tantabara. In ruwa ya same su ranar uku, za mu yi asarar kaɗan ne. Na sayi sabon mataci ma, kada in je in tarar tsohon ya fashe.

Na ɗauka kai ma irinsu ne, masu magana mai santsi. Na janye.

Ɗanka,
Eliran

Kefar Ezov, 21 ga Yuli

Kawu Sason,

Inna ta ce in gaishe ka. Na gaishe ka. Tana kwance tun makon jiya, numfashi yana yi mata wuya in ta hau matakala biyu. In kana lafiya, to hannunka ne ya karye, tunda mako uku ba takarda.

Ranar uku ga Yuli tun hantsi bai yi ba ina bakin ƙofa da sifana da sabon mataci. Ezra ya zo da almakashinsa, ya tsaya nesa kamar ba tare muke ba. Rana ta take. Laftanar ta fito ta ce, "Me kuke jira?" Na ce buɗewa. Ta ce, "Wa ya ce muku?" Na ce daga Janiba. Ta kalle ni kamar yadda ake kallon wanda ya ce ya ga mala'ika a tashar mota. Da yamma rediyo ya ce wakilanmu sun fice daga zaman. Ezra ya saɓa almakashi ya tafi. Da ma ya zage ni.

Ka rubuta uku ga Yuli da hannunka. Ina da takardar. Me ya sa ka ba tsohuwa mai ciwon zuciya rana, in ka san ranar ba taka ba ce?

Ka ce kada in yi komai da hannuna. Na jira kwana goma sha ɗaya. Layin sama ya zubar da 'ya'ya, ganye ya koma kalar burodi. Akwai kwalbati a ƙarƙashin wayar, inda ruwan sama ke bi. Ranar sha huɗu na kwaso bututun ban ruwa goma sha biyu daga gonar gida, na harhaɗa, na tura ta kwalbatin, da rana tsaka, don kada a ce na ɓoye. Ƙafata ba ta ƙetare ba. Na kunna ruwa. Na ji ƙarar sa yana faɗuwa a ƙasa can ciki.

Awa ɗaya da rabi ya yi yana zuba. Na ga masu farar mota sun miƙe da madubin hangen nesa, ɗaya yana rubutu. Sai jiniya. Motoci uku namu suka zo, aka kwantar da ni a ƙasa, aka datse bututun da zarto.

Laftanar ta ce, "Ka san abin da ka yi?"

Na ce, "Ban ruwa."

"Mutanen ƙetare sun ɗaga bindigogi. Da yaro ɗaya ya tsorata ya harba, da yanzu muna binne mutane a ɓangare biyu."

Na ce, "To ki buɗe mini minti goma, kowa ya sauke."

Ta zauna kan dutse, ta cire hula, ta ce, "Eliran, kakana ma tuffa yake nomawa. Mabuɗin yana aljihuna, amma ba nawa ba ne."

Kwana ɗaya suka riƙe ni. Yanzu an rufe gangaren gaba ɗaya har sai an ga hali, ko bakin wayar ba a zuwa sai da rakiya. Ezra ya daina amsa gaisuwata, kuma yana da gaskiya. Ruwan ya kai itace tara na layin ƙasa.

Ka ce wani abu. Ko ƙarya ce.

Eliran

Janiba, 10 ga Agusta

Ɗana Eliran,

Ina gaishe ka, ina gaida Zilfa. Labarin jikinta ya tayar mini da hankali. Mu muna nan. Hannuna bai karye ba. Sau huɗu na fara takardar nan ina yagawa.

Na sake karanta abin da na rubuto maka. Na ce batun zai shiga ajanda. A nan gidan, wannan yana nufin an buga shi a takarda, shi ke nan. Na daɗe a cikinsu har na manta cewa a wajen mutane, in an ba da rana, rana ce. Laifina ne. Batunka shi ne na goma sha bakwai. Zaman ya watse a na biyu, a kan ko za a ambaci rahoton watan Mayu a buɗe taro ko ba za a ambata ba. Matar nan ta dawo mini da taswirarka da kanta, ba ta iya kallon idona ba.

Akwai abin da ya fi wannan, kuma gara ka ji daga bakina. Ƙarshen Yuli aka ajiye mini sabon rahoton masu sa ido in fassara. Sakin layi na arba'in da ɗaya ya ce ranar sha huɗu ga wata, wani mutum da ba a san ko wane ne ba ya tura wani dogon abu mai kama da bututu ta ƙarƙashin shinge, ba a tabbatar da manufarsa ba, saboda babu hanyar tuntuɓa. Ba su yi ƙarya ba. Abin da suka gani ke nan daga kan tudu.

Na je wajen shugaban sashenmu, na ce na san mutumin, ɗana ne, ruwa yake ba itace. Ya ce, "Sason, tafinta ba ya ƙara gishiri. In kuma ɗanka ne, bai kamata takardar ta zo teburinka ba." Na koma na fassara yadda take. Na sa ɗan bayani a ƙasan shafi, layi ɗaya. Aka cire. Washegari aka mayar da ni sashen takardun kamun kifi.

Makon jiya aka yi muhawara, na saurara ta lasifikar ɗakina. Wakilin wata ƙasa ya karanta sakin layinka, ya ce ga tsokana a fili. Namu ya tashi ya ɗaga takardar sama, ya ce ku duba, har manomi mai ban ruwa sun mayar mai laifi. Ashe sun san ruwa ne. Kowa ya sami tafi daga mutanensa. Ba wanda ya ambaci ƙofa.

Ba ni da sauran bene da zan sauka. Shawarata, ka dasa wasu a gonar gida, ta wannan gefen. Zan taimaka da abin da zan iya.

Kawunka da ya ba ka kunya,
Sason

Kefar Ezov, 12 ga Satumba

Kawu,

Ina gaisuwa, da gaske nake. A gaida Gwaggo Odet. Inna ba ta hawa matakala yanzu, mun sauko mata da gado falo. Tana cin abinci marar gishiri ba gardama, wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Da na karanta takardarka na zage ka da babbar murya a cikin kejin kaji. Daga baya na zauna na yi tunanin mutum mai furfura yana fassara ɗansa zuwa "wani mutum", yana ƙara layi ɗaya ana gogewa. Ban yafe maka uku ga Yuli ba tukuna. Amma na daina sa ka cikin layinsu.

Ka ce in dasa wasu. Na faɗa wa Inna. Ta ce, "Sason ya manta ne? Sabon dashe, sabon ƙirga. Ka ce masa in yana da shekara uku a aljihu ya aiko mini." Sannan ta ce, "Kuma ba hannun Rahamim ba ne zai dasa."

Ɗari da goma sha ɗaya sun mutu. Na ƙirga daga nesa, sau biyu. Taran nan suna tsaye, suna da 'ya'ya, ƙanana, sun fara ja. Tsuntsaye sun gano su. Su ba sa neman izini.

Ranar Lahadi Inna ta ce in kai ta. Laftanar ta ba mu rakiya, minti goma sha biyar. Na shimfiɗa katifa a tirelar tarakta, na tuƙa a hankali kamar na ɗauko ƙwai. A bakin waya ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wanne ne babanka ya fara dasawa?" Na nuna mata na ƙarshen layin sama, wanda ya zama itacen wuta. Ta kalli taran. Wani sojan rakiya, yaro ne ƙarami da ni, ya juya baya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Can ta ce, "Mayar da ni gida, rana ta yi zafi."

Jiya wani mutum ya zo daga Urushalima da mai ɗaukar hoto. Takalminsa bai taɓa ganin taɓo ba. Ya ce, "Kai ne gwarzon bututu? Muna son hotonka, matattun itatuwa a bayanka. Za a nuna a babban zauren, duniya ta ga abin da suka yi maka."

Na ce, "Madalla. Buɗe ƙofa in tsaya a tsakiyarsu, hoton zai fi kyau."

Ya ce, "Wannan ba sashena ba ne."

Na ce, "To fuskar nan ma ba sashenka ba ce."

Sabuwar shekara saura kwana goma sha biyu. Ba na roƙonka ka sauka bene. Abu ɗaya nake so, kuma aikinka ne. Ka juya abin da ke ƙasan nan zuwa duk harsunan da ka sani, kada ka rage masa zafi, ka aika wa jaridun garinku. Ni zan aika wa namu. In zai ci maka aiki, ka faɗa mini, zan yi da ƙamus.

Ni ne mutumin sakin layi na arba'in da ɗaya. Sunana Eliran Barashi, daga Kefar Ezov. Dogon abin bututun ruwa ne, manufarsa tuffa. Ku masu sa ido, wata uku kuna kallon gona tana bushewa ta madubinku. Kun rubuta bututu, me ya hana ku rubuta itatuwan? Kai kuma wakilinmu da ka ɗaga ni sama a gaban ƙasashe, ka san ruwa ne, mabuɗin kuma yana aljihun sojanka. Me ya hana ka buga waya ɗaya? Kun yi fushi da juna, na ji, wataƙila kowannenku yana da dalili. Amma wa ya yanke cewa fushin naku ya fi minti goma? Yana da suna. Ba na son takarda mai hatimi, ba na son a ce an lura da batun. A zauren da kuka karanta ni, a gaban mutanen da suka tafa muku, ɗayanku ya tashi tsaye ya faɗi sunansa, ya ce ni ne na hana. In babu mai iya faɗa, to ku zo bakin ƙofar gangare kafin jajibirin sabuwar shekara, ku biyun, ku faɗa wa Zilfa matar Rahamim da bakinku. Tana falo, ba ta zuwa ko'ina.

Ɗanka,
Eliran